Darasi na 11: Aro da Gado, Yaron da Aka Haifa ga Uwa Mai Ciwon Garkuwar Jiki

Akwai tambayar da mace mai ciwon lufus, ko mai irin amosanin gaɓɓan nan da ke kumbura yatsu ya sandarar da su da safe, takan riƙe a ranta tun ranar da aka tabbatar mata tana da juna biyu. Wata har ta haihu ba za ta furta ba. Tambayar ita ce: shin zan ba ɗana wannan ciwon? In ita ta yi shiru, dangin miji ba za su yi ba. Da zarar ƙuraje sun feso wa jariri, ko ya fara tari cikin dare, sai ido ya koma kan uwa.

Amsar tana da rassa biyu, kuma duk wanda ya cuɗa su zai tsorata inda babu abin tsoro, ya yi sakaci inda ya kamata ya tashi tsaye. Akwai abin da jariri ke ara daga jinin uwarsa, ya yi watanni da shi, ya ƙare. Akwai kuma abin da yake gada daga uwa da uba duka biyun, wanda zai zauna da shi. Wannan darasi a kan bambance su yake.

Kuskure iri biyu

Garkuwar jiki runduna ce ta fararen ƙwayoyin jini da ke gane baƙo, su yaƙe shi. Daga cikin makamanta akwai wasu sinadarai da likitoci ke kira antibodi. A nan za mu ce musu kibau, domin kowace an ƙera ta ne don abu ɗaya: kibiyar ƙyanda ba ta kama tarin shiƙa. Rundunar kan yi kuskure ta hanya biyu. Wani lokaci sai ta ɗauki abin da ba ya cutarwa, kamar ƙura ko ƙwai ko gashin kyanwa, a matsayin maƙiyi, ta yi masa taron dangi, jiki ya yi ta ƙaiƙayi da atishawa da kumburi. Wannan shi ne alaji, sunan da wani likitan yara na birnin Biyana, Clemens von Pirquet, ya raɗa a 1906. Borin jini da muka sani, mai tasowa ruɗu-ruɗu a fata ya baje bayan sa'o'i, ɗaya ne daga cikin fuskokinsa. Asma da busasshen ƙaiƙayin fata na yara ma dangi ne.

Kuskure na biyu ya fi muni: rundunar ta juya kibanta kan jikin da take tsaro. Idan ta nufi gaɓɓai, sai amosani mai kumburi. Idan ta nufi ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod, sai ciwon Graves, mai sa rama da faɗuwar gaba da fitowar ido, ko ciwon Hashimoto, mai sa kasala da jin sanyi. Idan ta lalata ƙwayoyin da ke yin insulin, sai ciwon sukari nau'i na ɗaya. Lufus kuwa ba ya zaɓe: fata, gaɓɓai, ƙoda, jini, duk yana taɓawa. Kusan huɗu cikin biyar na masu irin waɗannan cututtuka mata ne. A lufus, tara cikin goma mata ne, yawanci a shekarun haihuwa, kuma ya fi tsanani ga baƙar fata. Ba a ɗaukar su ta cin abinci tare, ko kwanciya, ko shayarwa. A garuruwanmu mace kan yi shekaru ana ce mata sanyi ne, ko taifot, ko sammu, kafin a kai ga sunan ciwon.

Aro

Jariri a ciki galibi bai taɓa haɗuwa da cuta ba, don haka ba shi da kibau nasa na kirki. Sai Allah ya hore masa na uwarsa. Wani nau'in kibau mai suna IgG yana ratsa mabiyiya ya shiga jininsa, kaɗan-kaɗan tun daga wajen mako na 13, sannan da yawa a watanni uku na ƙarshe. Shi ya sa ake yi wa mai ciki allurar tetanus: kibau da jikinta ya ƙera su ne za su tsare jariri daga ciwon da ke shiga ta cibiya. Shi ya sa kuma bakwaini ke fitowa da ƙarancin kariya, domin ya baro wurin kafin a gama auna masa rabonsa. Wannan aro yana raguwa da rabi kusan duk bayan mako uku, kuma kafin wata shida zuwa takwas yawancinsa ya tafi, jikin yaro ya kama ƙera nasa.

Mabiyiya ba ta tantance kibiya mai amfani da wadda ta ɓace hanya. In akwai masu yaƙar jikin uwa a cikin jininta, su ma za su bi ayari.

Na taɓa zama a wani ɗakin awon jarirai aka shigo da yaro ɗan mako biyar, ɗan fari. Kakarsa ta wajen uba ce ke riƙe da shi, uwar tana biye, kanta a ƙasa. Aka buɗe zanen goyo. Zagaye da idanunsa biyu fatar ta yi duhu tana ɗan ɓarewa, kamar an zana masa tabarau, a goshi da tsakiyar kai kuma ga wasu zobba masu kama da makero. An riga an shafa masa man makero na kwana goma. Tsohuwar ta ce wa ma'aikaciyar jinya, "'Yar nan, ni dai na ce nonon ne. Tun da yarinyar nan ta zo gidanmu ba ta rabu da ciwon gaɓɓai ba. A ba shi madara a huta." Uwar ba ta ce uffan ba, ga kunyar ɗan fari, ga suruka a tsaye. Ma'aikaciyar ta sa abin sauraro a ƙirjin yaron, ta daɗe tana ƙirga bugun zuciyarsa da agogon hannunta, sannan ta ɗago ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, nononta lafiyarsa lau. Abin nan tun a ciki ya same shi, kuma zai wuce. A daina shafa masa komai, a daina fitar da shi rana. Ita kuma mahaifiyar tasa, yau likita zai gan ta."

Abin da yaron ke da shi ana kiransa lufus na jarirai, kuma sunan yana firgitarwa fiye da kima. Kibau biyu ne ke jawo shi, masu suna anti-Ro da anti-La, waɗanda ake samu a jinin kusan ɗaya cikin uku na masu lufus, da kuma yawancin masu ciwon Sjögren, mai busar da ido da baki. Ƙurajen kan fito a makonnin farko, hasken rana na tsananta su, kuma suna bajewa da kansu kafin wata shida zuwa takwas, daidai lokacin da aron ke ƙarewa. A baƙar fata sukan bar tabo mai haske ko mai duhu na wani lokaci. Abin mamaki, mata da yawa ba su san suna ɗauke da waɗannan kibau ba sai fuskar jaririnsu ta nuna.

Haka abin yake a wasu cututtukan. Uwa mai ciwon Graves, ko da an yi mata aiki an cire ƙullin tun da daɗewa, tana iya haifar jariri mai saurin bugun zuciya, marar barci, mai tsotso sosai amma ba ya ƙara nauyi. Wannan yakan faru ga ɗaya zuwa biyar cikin ɗari, ana ba shi magani, ya wuce cikin makonni ko 'yan watanni. Mai ciwon raunin tsoka da ake kira mayasteniya, ɗaya ko biyu cikin jarirai goma nata kan fito da raunin tsotso da siririn kuka na 'yan makonni. Dukkansu suna buƙatar haihuwa a asibiti da sa ido, kuma dukkansu masu ƙarewa ne.

Wanda ba ya wucewa

Dalilin da ya sa ma'aikaciyar nan ta fara da ƙirjin yaro kafin fuskarsa shi ne wannan. A cikin zuciya akwai wata 'yar hanya da saƙon bugu ke bi daga ɗakunan sama zuwa na ƙasa. Kibiyar anti-Ro tana iya kumbura wannan hanya tun jariri na ciki, yawanci tsakanin mako na 18 da na 24, ta bar tabo. Tabon ba ya warkewa ko bayan kibau sun ƙare. Zuciyar ɗan tayi mai lafiya tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti. Wadda hanyarta ta toshe sai ta koma wajen 50 zuwa 70. Wasu jariran ba sa rayuwa, kuma yawancin waɗanda suka rayu sukan buƙaci a dasa musu na'urar daidaita bugun zuciya.

A kula da lissafin da kyau, domin a nan tsoro ke rinjayar hankali. Cikin mata ɗari masu ɗauke da anti-Ro, kusan biyu ne kawai jaririnsu zai gamu da wannan. Amma wadda ta taɓa haifar mai shi, haɗarin a ciki na gaba yakan hau zuwa 15 ko 20 cikin ɗari. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 ya nuna cewa shan haidiroksikulorokwin tun farkon ciki, wato ƙanwar kulorokwin ɗin da muka sani ta zazzaɓi, ya rage wannan maimaituwa da fiye da rabi. Saboda haka mai lufus da ta yi ciki ta nemi a gwada jininta, in akwai kibiyar a riƙa duba zuciyar ɗan tayi a kai a kai daga wajen mako na 16 zuwa na 26. Gwajin da na'urar hoton zuciya galibi sai a manyan asibitocin koyarwa, kuma na san abin da kuɗin mota da na gwaji ke nufi ga gidan da ke auna hatsi da tiya. Duk da haka ko ungozomar ƙaramin asibiti tana iya ƙirga bugu a ranar awo, kuma in ta ji ƙasa da 100 ta san ba abin jira ba ne.

Gado

Yanzu ga reshe na biyu. Kibiyar da ke haddasa alaji sunanta IgE. Miji da mata 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, suka gano ta a Amurka a 1966, wasu masana a Suwidin ma suka kai gare ta a kusan lokaci guda. Ita ba ta ratsa mabiyiya yadda IgG ke yi. Don haka yaro ba ya aron alajin uwarsa. Abin da yake gada shi ne yanayin rundunar: mai saurin fushi ce ko mai haƙuri.

An duba rajistar haihuwa ta dubban yara a Suwidin, da lardin Kwibek na Kanada, da Denmak, ƙasashen da ke rubuta kowane zuwa asibiti. Abin da aka gani shi ne 'ya'yan mata masu lufus da wasu cututtukan garkuwa sun ɗan fi sauran yara samun asma da ƙaiƙayin fata. Ƙarin ba mai yawa ba ne, kuma mafi yawan yaran sun tashi babu ko ɗaya. Binciken Suwidin ya nuna wani abu mai amfani gare mu: wani kaso na ƙarin asmar daga haihuwar bakwaini ya fito, domin lufus da ba a kwantar da shi ba yana jawo hawan jini na ciki da haihuwa kafin mako na 37, huhun bakwaini kuwa bai gama nuna ba. Wato wani ɓangare na abin da ake kira gado, a gaskiya cikin da bai samu kulawa ba ne, kuma wannan ana iya gyara shi.

Shi kansa ciwon uwar fa? Tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda halittarsu iri ɗaya ce sak, in ɗaya na da lufus, sau ɗaya cikin huɗu ne kawai ɗayar ke samu. To ina ga ɗa, wanda rabin halittarsa daga uba take? A ciwon sukari nau'i na ɗaya ma, yaron da mahaifinsa ke da ciwon ya fi wanda mahaifiyarsa ke da shi haɗarin kamuwa, kusan ninki biyu. Ina so mazan da ke wannan aji su riƙe wannan, domin na ga auren da ya mutu a kan zargin cewa mace ta kawo ciwo cikin zuri'a.

A ɗakin maijego

Gado iri ne. Sai ya samu ƙasa da ruwa yake tsirowa. Ku shiga ɗakin maijego da hunturu: taga a rufe, garwashi a kasko, turaren wuta na tashi, da dare a kunna maganin sauro na hayaƙi, jariri na kwance a tsakiya yana shaƙa. Kowa alheri yake nufi. Amma hanyoyin iskar jariri sirara ne ƙwarai, hayaƙi na kumbura su, kuma yaron da ya gaji saurin fushin garkuwa shi ne zai fara shaƙewa. A turara ɗaki jariri na waje, a buɗe taga kafin a dawo da shi, a sa gidan sauro maimakon hayaƙi, mai shan taba ya sha a waje. Kyankyasai da ƙurar tsohuwar katifa da kafet suna cikin manyan masu tayar da asma. Shanya shimfiɗa a rana da shara da yayyafin ruwa suna taimakawa.

Sai nono. A wasu gidaje har yau ana matse dakashi a zubar, a wasu garuruwa ma a tatsa a jefa tururuwa a ga ko nonon na da kyau. Dakashi cike yake da kibau nau'in IgA, masu shafe hanjin jariri su tare ƙwayoyin gudawa. Mai lufus, mai amosani, mai ciwon tayirod, duk suna iya shayarwa, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nono zalla har wata shida ta haɗa da su. Wasu magunguna ne kaɗai ke hanawa, kuma likita ne zai faɗa. Ita ma maijego kada a hana ta ƙwai ko kifi ko kunun gyada da sunan tsare yaro daga alaji. Hanin ba ya tsare shi, sai dai ya ramar da ita.

Gyada ta cancanci a tsaya a kanta. An daɗe a Turai da Amurka ana cewa a nisanta ta daga yara masu haɗari. A 2015 wani bincike a Landan, ƙarƙashin Gideon Lack, ya bi jarirai 640 masu tsananin ƙaiƙayin fata ko alajin ƙwai har suka kai shekara biyar. Waɗanda aka fara ba gyada tun kafin su cika shekara, alajinta ya ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin ɗari. Kunun gyada mai laushi bayan wata shida, yadda iyayenmu ke yi, daidai ne. Ƙwayar gyada ɗungurungum kuwa tana shaƙe ƙaramin yaro, kada a ba shi. Wanda fatarsa ta riga ta yi tsanani, a fara nuna shi ga likita. In kuwa yaro ya ci wani abu, nan take leɓɓansa suka kumbura, muryarsa ta dishe, numfashi ya yi wuya ko jikinsa ya saki, a ruga asibiti. Allurar adirenalin ce maganinsa, manja da madara ba sa tare shi.

Busasshen ƙaiƙayin fata na alaji yakan kama kumatun jariri, in ya girma ya koma lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Ya bambanta da kyasbi, kuma ba ya yaɗuwa. Maganinsa na farko mai ne marar turare, kamar man kaɗe mai tsabta ko basilin, a shafa bayan wanka jiki na da danshi, a rage sabulu mai ƙarfi. Mayukan kanti masu haɗin sinadarin sitiyarod, irin waɗanda ake saye don hasken fata, suna kwantar da ƙuraje cikin kwana biyu, amma suna sirantar da fatar jariri su shiga jininsa. Wanda likita ya rubuta, da awo da adadin kwanaki, shi ake amfani da shi. Yaro mai asma kuma kada a ji tsoron abin shaƙar magani. Ba ya zama jaraba. Likitoci a Afirka ta Kudu sun nuna a 1999 cewa gorar roba ta rabin lita, in aka huda gindinta aka sa bakin abin shaƙar, tana kai maganin huhun yaro kamar mazurarin da ake saya da tsada.

Magani da riga-kafi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mace ta ga ɓatan wata ta ajiye duk magungunanta don tausayin ciki. Ciwon da ya tashi ya fi cutar da ɗan tayi fiye da maganin da ya dace. Haidiroksikulorokwin da azatayofirin da ɗan ƙaramin awo na firedinisolon ana ci gaba da su. Metotirezet da maikofenolet da saikulofosfamaid kuwa suna nakasa ɗan tayi ko su zubar da ciki, don haka tun kafin a ɗauki ciki ake sauya su. Abin da likitoci ke so shi ne ciwo ya kwanta na wata shida kafin ciki ya shiga, kuma wannan magana ce ta miji da mata tare. Wadda ke yawan ɓari kuma ta nemi gwajin kibau masu daskarar da jini, domin asfirin ƙarami da allurar hefarin sun ceci cikin mata da yawa.

Yaron uwa mai ciwon garkuwa yana karɓar duk allurai kamar kowa: BCG da ɗigon shan inna da ta ciwon hanta a haihuwa, sauran a mako na 6 da na 10 da na 14, ta ƙyanda da ta shawara a wata tara. Togiya ɗaya ce. Wasu sababbin magunguna masu tsada, irin su infiliksimab da adalimumab, su kansu kibau ne nau'in IgG, don haka suna ratsa mabiyiya su danne garkuwar jariri na watanni. BCG kuwa ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. A 2010 likitoci a Landan sun ba da rahoton jaririn da uwarsa ta karɓi infiliksimab har ƙarshen ciki, aka yi masa BCG yana wata uku, ƙwayar ta bazu a jikinsa, ya rasu. Tun daga nan ake jinkirta allurai masu rai ga irin waɗannan jarirai aƙalla wata shida, wasu ƙasashen har shekara. A wurinmu da ake yin BCG a ranar haihuwa ko cikin makon suna, dole uwa ko mijinta su faɗa wa mai allura sunan maganin kafin ta zare sirinji.

Aikin aji

Ku kasu gida uku. Rukuni na farko su bayyana da bakinsu, ba tare da duba littafi ba, dalilin da ya sa ƙurajen lufus na jarirai ke bajewa amma toshewar zuciya ba ta warkewa. Na biyu su zagaya da tunani cikin ɗakin maijego na ƙarshe da suka shiga barka, su faɗi duk abin da ke tayar da hayaƙi ko ƙura a cikinsa, da abin da za a iya sauyawa ba tare da an kashe ko kwabo ba. Na uku su fitar da mutum biyu, ɗaya ta zama kakar nan mai cewa nono ne, ɗaya ta zama maƙwabciyar da ta halarci wannan darasi, mu ji yadda za ta shawo kan tsohuwar cikin ladabi har a ci gaba da shayar da yaron. Wanda ke da mai irin wannan ciwo a gida, ya kwafo sunayen magungunanta daga jikin kwali a takarda, ta tafi da ita ranar awo na gaba.